Malamar da Ke Korar Masu Ladabi

A bayan kasuwar tattasai ta Difa akwai wata rumfa ta zana, jingine da katangar gidan Kawu Zarami. Duk wanda ya bi ta wurin bayan la'asar zai ji muryar mace tana faɗa da Ingilishi, ta juya Hausa, in abin ya kai mata wuya ta ƙarasa da Barbarci. Ya Meram ke nan. Abu biyu aka san ta da shi a gari: ɗalibanta suna cin jarrabawa, kuma tana korar ɗalibi don ya yi mata ladabi. Iyaye sun sha zuwa ƙorafi. Akwai masu cewa gudun hijira ne ya taɓa mata kai. Masu faɗin haka ba su san abin da ladabi ya yi mata ba, kuma da yawansu da bakinsu suka koya wa ƴaƴansu irin ladabin.

A Barwa aka haife ta, can wajen Boso, gidan Fannami mai su da noman tattasai. Tana da shekara bakwai gwaggonta da ke aure a Damasak ta zo ta ɗauke ta riƙo. A lokacin ba wanda ke kiran wannan barin ƙasa. Kumadugu ce kawai a tsakani, kogin da in rani ya yi jaki ke tsallakewa bai jiƙa cikinsa ba. Ƴaƴan wannan gefen suka shiga lakwal suna koyon Faransanci, ita kuma ta shiga makarantar wancan gefen tana koyon Ingilishi, kuma da salla duk kwano ɗaya suke ci.

Shugaban makarantarsu yana da wata akuya da yake ɗaurewa a bayan aji. Duk takardar jarrabawar da aka miƙa masa babu suna a samanta, ba ya ko dubawa, sai ya miƙa hannu ta taga ya ba akuya. Sau ɗaya aka yi wa Meram haka, tana aji uku, tana kallo akuya ta tauna lissafin da ta san ta ci duka. Ba a sake ba. Har ta je kwalejin malamai a Maiduguri ta gama, ba ta taɓa miƙa takarda ba sai da sunanta a saman kowane shafi, don can ma takardu kan warwatse, wanda ba suna ya zama na shara.

Ta dawo Damasak ta koyar da Ingilishi shekara uku. Ta auri Sadiƙ tela, suka haifi Ummi. Ran da mutanen daji suka shigo garin, ta goya Ummi, ta naɗe takardar shaidar malanta a leda ta cusa ƙarƙashin ɗankwali, suka bi ayari zuwa bakin ruwa. Sadiƙ ya ce su yi gaba, zai koma ya ciro kan kekensa na ɗinki, don ba zai je ƙasar mutane hannu biyu ba. Har yau bai iso ba. Ta so ta wuce Barwa gidan ubanta, sai ta tarar mutanen Barwa su ma suna kan hanya da tabarmi a ka. A Asaga ta tsaya, cikin bukkokin da suka tsiro a bakin titi.

A nan ne darasin akuya ya zama darasin rayuwa. A layin famfo, jarkar da ba suna ba ta kwana biyu a hannun mai ita. Tamfol da ba suna, iska ce ake cewa ta ɗauke, ka gan shi kan bukkar maƙwabci. Akwai lokacin da sunanta ya faɗi daga jerin masu karɓar abinci, ta yi wata uku tana zuwa ana duba takarda ana ce mata ba ta nan, alhali ga ta tsaye da yarinya a baya. Daga nan ta samo ƙusa tana gasawa a wuta tana rubuta wa matan layinsu sunayensu a jikin jarka da bokiti da murfin tukunya. Har takalmin Ummi na roba sai da ta zana wa suna.

Shekarar da Kumadugu ta cika ta haura gonaki, ƙanin uwarta Kawu Zarami ya ɗauko su zuwa Difa, ya ba su ɗakin da yake ajiye buhunan tattasai. Da safe tana bin mata zuwa gonarsa tsinkar tattasai, idanu na zubar da ruwa, yatsu na raɗaɗi, macen da yara sittin ke miƙewa tsaye in ta shiga aji. Ba ta raina aikin ba. Amma abu ɗaya ta sa a gaba: ta sake tsayawa gaban allo a matsayin malamar da aka ɗauka, da ajinta da albashinta, ta fitar da Ummi daga ɗakin da ko bargo yaji yake.

To, ƙasar da aka haife ta sai ta ce ba ta san ta ba. Sai ta kawo takardar haihuwa. Wa ya rubuta haihuwa a Barwa a wancan zamani? Sai ta je gaban alƙali da shaidu biyu, su kuwa shaidun ɗaya yana Tumur, ɗaya ba a san inda gudu ya kai shi ba. Da aka samu wannan, sai takardar ɗan ƙasa. Da aka samu wannan, sai aka ce shaidar malantarta ta wancan gefen ce, sai an aika Yamai an auna ta a ga ko ta kai nauyin ta nan. Mutumin buro, wato ofishin takardun, ba abin da ya iya faɗa kamar gobe. Yana faɗinta yana murmushi, yana kaɗa ƙafa, fanka na hura shi. Shekara tara Meram tana bin hatimi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta taɓa yarda a rage mata ko wata guda a shekarunta ba, ko da masu ba da shawara suka yi ta ba ta.

Takardun suka cika a farkon wata shekara, sai ga sanarwa a rediyo: za a yi konkur, wato jarrabawar gasa, don ɗaukar malaman Ingilishi na kwalej. Mutum goma sha biyu ake so a jihar duka. Wanda ya wuce shekara talatin da biyar kada ya kawo dosiye, wato takardunsa. Meram kuwa a ƙarshen wannan shekarar take cika talatin da biyar. Ƙofa ɗaya ce, sau ɗaya za ta buɗe mata.

Yawancin jarrabawar, in ji waɗanda suka taɓa yi, cike giɓi ne. Za a rubuta magana a ƙwaƙule kalma ɗaya daga cikinta, a jera kalmomi huɗu a ƙasa, a ce zaɓi wadda ta dace da ramin. Abin da kowace mace ke yi a bakin rijiya ke nan, in ƙawarta ta fara zance ta tsaya ta ƙarasa mata, amma da yake da Ingilishi ne, sai samarin gari masu takardun jami'a suka rikice. Labari ya bazu cewa akwai wata mai tsinkar tattasai a gidan Zarami da Ingilishi ke fita daga bakinta kamar ruwa. Bushra, ɗiyar maƙwabciyarsu Mairo, ita ta fara zuwa. Sai Muhsinu, ɗan wani Alhaji mai motocin dako, da rigarsa mai guga da turarensa. Kafin sati biyu sun zama tara a kan tabarma.

Kawu Zarami bai so ba. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Meram, waɗannan fa da su za ki kara."

Ta ce, "Kawu, kujera goma sha biyu ce. Ɗaya nake so."

"In suka cinye sha biyun fa?"

"Sai in ni na koya musu abin da ban sani ba."

Wata huɗu tana koya musu. Ta samo falankin ƙofa ta shafa masa baƙin bawon batir ya zama allo. Ba ta da sanyin baki a aji.

"Muhsinu, me ka zaɓa?"

"Ta biyu, Malama."

"Don me?"

"Ta fi tsawo, Malama. Na ga kamar ta fi ilimi."

"Rigarka ma ta fi ta kowa tsawo a nan. Karanta maganar har ƙarshe kafin ka leƙa ƙasa. Kai da ka ga rami sai ka faɗa."

Hanyarta ke nan. Ka rufe kalmomin huɗu da tafin hannu, ka karanta maganar duka, ka sa kalmarka ta kanka a ramin, sannan ka ɗaga hannu ka nemi wadda ta yi kama da taka. Biyu daga cikin huɗun, in ji ta, ƴan rakiya ne, ka sallame su tun daga ƙofa. Biyun da suka rage su ne aikin, sai ka ɗanɗana kowace a cikin maganar kamar mai gwada gishirin miya. Kuma ka kula da ƴan ƙananan kalmomi irin su amma, don mutum na iya yabon ka tun daga farkon magana, ya sa amma guda ɗaya ya kwashe duka.

"Kamar layin tattasai ne," ta kan ce musu. "In dashe ɗaya ya mutu, ba ka dasa kuɓewa a wurin don tana da kyau. Ka dubi na gabansa, ka dubi na bayansa."

Kuma kowace rana, kafin su tashi, da magana ɗaya take rufewa. "Ran jarrabawa, kafin komai, suna. A saman kowane shafi. Takardar da ba suna ba ta da uwa ba ta da uba. Kun ji?"

Su tara su amsa baki ɗaya, "To, Malama."

Wata rana Bushra ta ɗaga kai ta ce, "Malama, mu a nan..." Sai ta tsaya. Muhsinu ya yi tari, ya dubi ƙasa.

"Ku a nan me?"

"Ba komai, Malama."

Meram ta ɗauka zancen sauro ne ko zafin rumfa, ta ci gaba da goge allo.

Ran jarrabawa ta yi wanka tun da asuba, ta sa atamfar da ta rage mata mai haske, ta ɗauki bik biyu, wato biro. Mutum ya fi ɗari biyu aka raba azuzuwa. A nasu ajin Bushra tana bayanta ta hagu, kusa har tana jin numfashinta. Mai tsaron jarrabawa ya tsaya ya karanta dokoki da Faransanci, da sauri kamar ana bin sa da sanda. Faransancin Meram na kasuwa ne da bakin buro: nawa ne, dawo gobe, sa hannu nan. Ta kama kalma ɗaya ta saki biyar. Ta so ta ɗaga hannu, sai ta ga ba wanda ya ɗaga, ga shi ita ce babba a ajin, ita ce kuma ake nunawa da baki ana cewa malamar Ingilishi. Ta bari.

Takardar amsa shafi huɗu ce. A kusurwar shafin farko akwai ɗan fili da aka zagaye. Ta ga na kusa da ita sun rubuta suna a ciki, sun ninke kusurwar, sun lasa bakinta sun manne. Ita ma ta yi yadda suka yi. Da ta manne, sai ta dubi takardar. Sunan ya ɓace. Shafi huɗu a gabanta, fari fat, ba abin da ke nuna na wane ne. In ƙusar da ta haɗa su ta cire fa? In gam ɗin ya ci rubutun fa? Ta tuna wata ukun Asaga. Ta ɗauki bik ta rubuta Meram Fannami da manyan baƙaƙe a saman shafi na ɗaya, da na biyu, da na uku, da na huɗu, ta ja layi a ƙarƙashin kowane. Mai tsaro ya zo wucewa, ya ɗan tsaya a kanta, ya duba, ya wuce. A bayanta kujera ta yi ƙara, sannan shiru.

Tambaya arba'in ce. Ta gama kafin rabin lokaci, ta sake bi sau biyu, ta fito tana jin yunwa irin ta mai lafiya.

Bayan sati uku aka liƙa sakamako a bangon buron da ya shirya jarrabawar. Da hantsi ta je. Muhsinu na huɗu. Bushra ta bakwai. Biyar daga cikin sha biyun ƴan tabarmarta ne. Ta bi jerin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Ta duba jerin masu jiran ko-ta-kwana. Ta duba har na waɗanda suka faɗi. Ba ta ko'ina. Macen da ta taɓa ɓacewa daga takarda ba ta tsayawa kuka a bakin bango. Ta tura ƙofa ta shiga.

Wanda ta tarar wani Mushe Abdulmumin ne, yadda masu Faransanci ke cewa malam, mai furfura a gemu da tabarau a goshi. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi sauƙin haɗiya.

"Madam, an soke takardarki," ya ce, bayan ya duba wani littafi.

"Da na yi me?"

"Kin rubuta suna a jikinta."

"To sunan wa zan rubuta?"

Ya sauke tabarau ya yi mata bayani a hankali, kamar mai magana da yarinya. A nan, in ji shi, ana ninke kusurwa ne don mai duba takarda kada ya san ta wane ce, ɗan gwamna da ɗan mai tallan ruwa su zama ɗaya a gabansa. Duk wanda ya sa suna ko wata alama a waje, ana ɗauka yana yi wa wani ishara ne, sai a soke. Kowane yaro ya san wannan tun jarrabawar fita firamare.

"Kowane yaron da ya yi lakwal a nan," in ji Meram.

"An karanta dokar a kowane aji, Madam."

"Da wane harshe?"

"Da harshen aiki."

"Kuna neman mai Ingilishi, kuka ɓoye dokar cikin Faransanci. Mai tsaronku ya tsaya a kaina yana kallo ina rubutawa. Bakinsa ciwo yake?"

"Ba a ba shi izinin magana da mai jarrabawa ba."

"A kawo mini takardata in gani."

Ya ce ba a yi. Ta ce to za ta zauna. Ta zauna a kan bencinsa har aka kira azahar, ya fita ya dawo ya same ta. Ƙarshe ya buɗe kabad ya ciro. Jan layi ne daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane shafi. Amma wani daga cikin masu dubawa, ko don son sani, ya bi amsoshin da fensir kafin a soke, ya rubuta a ƙasa ƙanana: talatin da tara. Wanda ya zo na ɗaya a bango talatin da uku ya samu.

Meram ta nemi inda aka ce ta faɗi, ta karanta, ta juya masa takardar. "Wannan ɗayar ma ku ne ba ku iya ba."

Mushe Abdulmumin bai yi dariya ba. Ya ce ta yi haƙuri ta dawo baɗi. Ta ce baɗi ta wuce shekaru. Ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce ai takardar haihuwar mutanen ƙauye ba dutse ba ce. Shaidu biyu ne. Mutane na sakewa, su dawo da shekara uku ko huɗu a aljihu.

Ta miƙe tsaye. "Kun soke ni don na rubuta sunana na gaskiya. Yanzu kuma in zo da shekarun ƙarya ku karɓe ni. Mushe, shekara tara na yi ina bin takardar nan don ta faɗi ko ni wace ce. Ba zan kashe ta in haifi wata ba."

Ta rubuta ƙara zuwa Yamai. Kawu Zarami ya bi duk wanda ya sani mai hula a gari. Shi kam ya so ta bi shawarar Mushe, har ya ce zai zama shaida ɗaya, ta ce masa in ya rantse a kan ƙarya saboda ita ba za ta sake cin tuwon gidansa ba. Amsar Yamai ta zo bayan shekara ta juya, layi biyu: doka ce.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona ta ba. Dokar, in an cire ta daga bakin masu ita, ba ta da laifi, Meram da kanta ta faɗa. Abin da ya ƙona ta ya zo ne kwana biyu bayan sakamako, da la'asar, lokacin da Mairo ta shigo gidan da kwanon shinkafa da kaji biyu, Bushra na bayanta kai a sunkuye, sun zo godiya.

Meram ba ta dubi kwanon ba. Ta ce, "Bushra, kin san ba a rubuta suna?"

"Na sani, Malama."

"Tun yaushe?"

"Tun firamare."

"Sauran takwas ɗin fa?"

"Duk sun sani."

"Wata huɗu ina ce muku ku rubuta suna a kowane shafi. Kuna ce mini to."

Bushra ta fara hawaye. Ta ce ta so ta faɗa, Muhsinu ya ce ba kyau, Malama za ta ji kunya a gaban ɗalibai, ai in ta shiga aji za ta ji ana karanta doka. Ta ce ran jarrabawa ta ga hannunta na rubutawa, ta motsa kujera ko za ta juyo, ba ta juyo ba.

"Kujera kika motsa," in ji Meram.

Mairo ta sa baki, har da ɗan alfahari. "Ya Meram, ai kin san tarbiyya. Ni ban haifi ɗiyar da za ta gyara wa babba magana a cikin mutane ba. Ko ubanta ya ce rana daga yamma take fitowa, to za ta ce."

"Ba cikin mutane ba fa? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Mairo. Kullum tana shigowa aron turmi. Ba ta iya ce mini, Ya Meram, zo ki ji, a bayan ɗaki ba? Kin ga makaho ya nufi rijiya, kika yi shiru don ya girme ki, kika zo gidansu da kaji kina cewa tarbiyya. Ɗauki kwanonki."

"Haba, Ya Meram, abin Allah ne."

"Allah ya ba ta baki. Ke kika ɗinke."

Mairo ta ɗauki kwanonta, kuma har yau in sun haɗu a famfo kowace gefe take kallo. Muhsinu bai zo ba sam. Ubansa ya aiko da buhun shinkafa a kan amalanke. Meram ta ce a mayar. Kawu Zarami ya ce shi ba a soke masa komai ba, ya sa aka shigar ɗakinsa, ita kuwa ba ta ci ko ƙwaya ba har buhun ya ƙare.

An tura Muhsinu wani kwalej a cikin gari. An tura Bushra Tumur. Meram ta koma gonar tattasai, Ummi na nan a ɗakin buhuna, kuma ƙofar nan ta rufe, ba wata.

Da aka sake sanar da konkur, sai ga sababbi a bakin zaure, sun fi ashirin, don kowa ya ji cewa biyar cikin sha biyu daga tabarmarta suka fito. Kawu ya zaci za ta kore su da muciya. Ba ta kore su ba. Ta sa aka kafa rumfa, ta ce wannan karon kowa zai biya, kuma akwai sharaɗi.

Ranar farko ba ta koyar da Ingilishi. Tana raba farar takarda, kowa ya rubuta suna a kusurwa, ya ninke, ya manne, ita ma ta yi tare da su. Sannan ta sa wanda ya fi iya Faransanci ya kawo dokokin jarrabawa ya fassara su ɗaya ɗaya da Hausa da Barbarci, har da Fillanci in akwai mai so. Daga rana ta biyu kuma, a cikin maganganun da take cikewa a allo, takan sa kalmar da ba daidai ba da gangan, ta juyo ta ce, "Haka ne?" In suka amsa to, sai ta zaɓi wanda ta ga idonsa ya tsaya a kan kuskuren.

"Kai, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Malama."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ladabi, Malama."

"Ɗauki takalminka. Ka kai wa uwarka ladabin, ta fi ni buƙata."

Wanda bai gani ba tana haƙuri da shi har sau goma. Wanda ya gani ya yi shiru, sati guda zai yi a waje, in ya sake ya tafi ke nan. Wani uba ya zo ya ce tana lalata musu ƴaƴa, yaronsa ya fara gyara masa lissafi a shago gaban masu saye. Ta tambaye shi ko lissafin daidai ne. Ya ce ba wannan ne zancen ba. Ta ce wannan ne kawai zancen.

Da hutun ƙarshen shekara Bushra ta dawo daga Tumur, ta rame, ta yi baƙi. Kwana uku tana wucewa ta bakin rumfar ba ta tsaya ba. A na huɗu ta tsaya daga waje, jikin ginshiƙi, Meram na rubutu ta ba ta baya. Ɗalibai suka zuba mata ido, don duk sun san labarin.

Bushra ta ce, "Malama, layi na uku ba daidai ba ne."

Meram ta juyo ta dube ta, ta juya ta dubi allo. Kuskuren gangan na ranar yana layi na biyar. Na ukun nata ne na gaske, hannu ne ya zarce. Ta sa gefen zaninta ta goge, ta gyara.

Sannan ta ce, "Kin makara da shekara guda."

Bushra ta ce, "Na sani."

"Kina tare mini haske. In zama za ki yi, ga tabarma."